Yadda ake kwatanta saurin faifan ajiya da na netwok kafin ka fara kwafe fayil

Kwalin rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ya ce 1200, kwalin SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, ya ce 560, sai mutum ya ɗauka rautar ta ninka faifan gudu. Alhali kuwa faifan ne ya yi mata fintinkau, domin ita bit take ƙirgawa, shi kuma bait. Wannan ruɗanin kaɗai ya sa mutane da yawa sun sayi abin da ba shi ne maganin matsalarsu ba. Na yi wannan gwaji sau da yawa, kuma abin da na koya shi ne a gwada kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa su. Idan ka gama za ka iya cewa da tabbaci: fayilolin nan na gigabait 100, gara in tura su ta kebul, ko gara in ɗora su a faifan waje in kai da ƙafa.

Abubuwan da za ka tanada

Kwamfuta biyu, idan har da netwok za ka gwada. In faifai kawai ne, ɗaya ta isa.
Faifan da kake son gwadawa, da kebul ɗin USB da ya zo da shi daga kamfani.
Kebul na netwok gajere, Cat5e ko Cat6, da wani na biyu don canji.
Manhajar gwajin faifai: CrystalDiskMark da CrystalDiskInfo a Windows, Blackmagic Disk Speed Test a Mac, hdparm ko fio a Linux.
Manhajar iperf3, ta gwajin saurin netwok, a duk kwamfutocin biyu. Kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux.
Babban fayil guda ɗaya wanda ya fi RAM ɗin kwamfutarka girma, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, da folda mai ɗauke da dubban ƙananan fayiloli, kamar hotuna ko takardu.
Takarda da biro da agogon wayarka. Kada ka raina takardar, domin bayan gwaji na biyar lambobi suna cakuɗewa a ka.

1. Mayar da komai ma'auni ɗaya

Bit 8 ne suke yin bait 1. Masu netwok da masu sayar da intanet suna rubuta Mbps ko Gbps da ƙaramin b, wato megabit ko gigabit a sakan. Masu faifai da tagar kwafe fayil ta Windows suna rubuta MB/s da babban B, wato megabait a sakan. Ka zaɓi megabait a sakan ka tsaya a kansa, tunda da shi ake auna girman fayil. Duk lambar da ka gani da ƙaramin b, raba ta da 8. Megabit 100 ya zama megabait 12.5, gigabit 1 ya zama megabait 125, gigabit 10 ya zama megabait 1250.

Ni idan ina sauri da 10 nake rabawa. Lissafin ya fi sauƙi a ka, kuma amsar takan fi kusa da abin da za ka gani da idonka, saboda dalilin da ke mataki na gaba.

Akwai wani ƙaramin bambanci kuma: kamfanonin faifai suna ƙirga kilobait a matsayin bait 1000, Windows kuma 1024. Shi ya sa faifan terabait 1 yake bayyana a matsayin gigabait 931. Ba cuta ba ce, kuma a gwajin sauri bambancin bai taka kara ya karya ba.

2. Rubuta iyakar kowace hanya a takarda

Lambar da ke jikin kwali saurin sigina ne a cikin waya, kuma ba duka ne yake ɗauke da fayil ɗinka ba. SATA, wato hanyar jona faifan cikin kwamfuta, da USB 3.0 suna aika bit 10 don isar da bit 8, saboda haka kashi 20 cikin 100 ya tafi tun kafin a fara. Shi ya sa SATA III, wanda aka fitar a 2009 da gigabit 6, iyakarsa megabait 600 ne, kuma SSD mai kyau a kansa yakan tsaya kusa da 550. A netwok kuma kowane ƙunshin bayani yana ɗauke da adireshi da bayanan tantancewa. Daga cikin bait 1538 da ƙunshi ɗaya yake cinyewa a waya, wajen 1448 zuwa 1460 ne kawai naka, don haka gigabit 1 yakan ba da kusan megabit 940.

Ga abin da ake sa ran gani idan komai lafiya yake, duk a megabait a sakan.

USB 2.0, mai megabit 480: tsakanin 30 da 40.
USB 3.0, mai gigabit 5: wajen 400 zuwa 450.
USB mai gigabit 10: kusan 1000.
Thunderbolt 3 da 4, masu gigabit 40: kusan 2800 zuwa 3000 da faifan waje, domin ba duka hanyar aka ware wa faifai ba.
SATA II: bai wuce 300 ba. SATA III: kusan 550.
NVMe, wato SSD da ke bin hanyar PCIe mai sauri maimakon SATA, a kan layi huɗu na PCIe 3.0: kusan 3500. A kan PCIe 4.0: kusan 7000.
Netwok na kebul mai megabit 100: wajen 11 zuwa 12.
Mai gigabit 1: wajen 110 zuwa 118.
Mai gigabit 2.5: kusan 280 zuwa 290.
Mai gigabit 10: ɗan sama da 1100.

Faifai mai juyawa, wato HDD, lamarinsa daban ne. Ko da an jona shi da SATA III, injinsa ba ya iya cika hanyar. Babba na kwamfutar tebur yakan ba da 150 zuwa 250, ƙarami na laftof kuma wajen 100 zuwa 130, kuma yana ƙara nawa idan ya kusa cika, saboda da'irorin ciki na faifan sun fi na waje gajarta. Ka lura cewa ƙaramin HDD da netwok na gigabit 1 kusan kunnen doki suke.

Wi-Fi shi ne ya fi kowa cika baki. Waccan 1200 ta kwalin rauta kusan jimla ce ta tashoshi biyu, 300 a kan 2.4 GHz da 867 a kan 5 GHz, kuma laftof ɗinka a kan ɗaya kawai yake hawa a lokaci guda. A Wi-Fi 5 mai eriya biyu za ka ga haɗi na 867, a Wi-Fi 6 kuma 1201, amma abin da yake wucewa da gaske rabi ne zuwa kashi biyu cikin uku, shi ma idan kana kusa da rautar. Iska ɗaya ce kowa yake amfani da ita, kuma na'ura ba ta aikawa da karɓa a lokaci guda, sai bi da bi.

3. Duba a kan wane sauri na'urorin suka daidaita

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a nan na fi kama ɓarawo. Duk lokacin da ka jona na'ura biyu, suna sasantawa ne a kan saurin da dukansu za su iya, kuma idan suka sauka ƙasa ba sa gaya wa kowa.

Don netwok a Windows, buɗe PowerShell ka rubuta Get-NetAdapter ka duba LinkSpeed. A Linux rubuta ethtool da sunan katin netwok ɗin. Idan kana sa ran gigabit 1 sai ka ga megabit 100, fara zargin kebul. Gigabit yana buƙatar duk wayoyi takwas da ke cikin kebul, megabit 100 kuma huɗu sun ishe shi. Waya ɗaya tak daga cikin sauran huɗun ta tsinke ko ba ta danne da kyau a kan kebul ba, haɗin zai ci gaba da aiki, fitila za ta kama, amma saurin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Na taɓa ɓata rabin yini ina sake-saken saiti a kwamfuta, ashe kan kebul ne ya ɗan saki. Idan canza kebul bai gyara ba, duba suwic, wato akwatin da kebul na kwamfutoci ke haɗuwa, ko rautar, domin akwai rautoci masu alfahari da Wi-Fi mai sauri amma kafofin kebul ɗinsu na megabit 100 ne.

Don USB a Linux, lsusb -t zai nuna maka 480M ko 5000M ko 10000M a gaban kowace na'ura. A Mac duba sashen USB a bayanan tsarin kwamfutar. A Windows ƙaramar manhaja irin USB Device Tree Viewer tana nunawa. Kada siffar kafa ta ruɗe ka. USB-C suna ne na siffar baki kawai, kuma yawancin kebul ɗin caji masu bakin C saurin USB 2.0 gare su. Sunayen ma sun rikice: USB 3.0 da USB 3.1 Gen 1 da USB 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne, gigabit 5. Ka nemi adadin gigabit ɗin, ka manta da sunan.

Don faifan ciki, CrystalDiskInfo yana nuna lambobi biyu a layin yanayin tura bayani: saurin da faifan yake kai yanzu, da wanda zai iya. Ka tuna kuma M.2 siffa ce kawai ta siririn SSD, akwai M.2 na SATA, akwai na NVMe, kuma tsakaninsu ninki shida ne ko fiye.

4. Gwada faifan shi kaɗai

Rufe duk manhajojin da ke taɓa faifai, ka dakatar da sabunta tsari da masu ɗora fayiloli a intanet. Laftof kuma ka jona shi da wuta, domin wasu suna rage gudu a kan batir.

A CrystalDiskMark zaɓi faifan, ka ɗaga girman gwajin daga 1GiB zuwa 16 ko 32, sannan ka danna All. Layi huɗu za su fito, amma biyu ne suka shafe ka. SEQ1M Q1T1 shi ne ya fi kama da kwafe babban fayil guda. RND4K Q1T1 shi ne ya fi kama da kwafe tarin ƙananan fayiloli. Layin farko, SEQ1M Q8T1, shi ne wanda kamfanoni suke bugawa a kwali, kuma da wuya kwafe na yau da kullum ya kai shi. Rubuta karatu da rubutu duka, tunda faifan da ake kwafewa daga gare shi karatu yake yi, wanda ake kwafewa zuwa gare shi kuma rubutu.

Ka dubi lambar RND4K da kyau. HDD yakan ba da kusan megabait 1 a nan, wani lokaci ma bai kai ba, saboda sai allurarsa ta yi tattaki zuwa wurin kowane guntu. SSD yakan ba da gomomi. Faifai ɗaya ke nan, amma yana iya ba ka 180 a wani aiki, 1 a wani aikin.

Dalilin ɗaga girman gwajin kuwa shi ne yawancin SSD suna ware wani yanki mai saurin karɓar rubutu. Muddin yankin bai cika ba, lambobi za su yi kyau. Da zarar ya cika sai saurin ya faɗi, kuma a wasu masu araha yakan faɗi ƙasa da na HDD. Gajeren gwaji ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Zafi ma yana jawo irin haka, musamman ga NVMe da ke cikin ƙaramin gidan USB: idan ya yi zafi sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Filash kuma, ko da an rubuta 3.0 a jikinsa, rubutunsa sau da yawa bai wuce na USB 2.0 ba.

A Linux, hdparm -t da sunan faifan yana gwada karatu kawai, ba ya taɓa komai. Amma ka yi hattara da manhajojin dd da fio. Idan ka nuna musu faifan kansa, irin /dev/sdb, a gwajin rubutu, za su shafe abin da ke ciki ba tare da sun tambaye ka ba. Kullum ka ba su sunan fayil a cikin folda. Kuma kada ka mayar da gwajin rubutu abin wasa kana maimaitawa kullum, domin kowane SSD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka a rayuwarsa.

Idan ba ka da ko ɗaya daga cikin manhajojin nan, kwafe babban fayil ɗin daga faifan da ka san ya fi sauri zuwa wanda kake gwadawa, ka auna da agogo, ka raba girman fayil da adadin sakan.

5. Gwada netwok shi kaɗai

Amfanin iperf3 shi ne ba ya taɓa faifai, daga RAM yake aikawa zuwa RAM, don haka abin da ya nuna na hanyar ne zalla. A kwamfuta ta farko rubuta iperf3 -s. Nemo adireshinta da ipconfig a Windows ko ip addr a Linux. A ta biyu rubuta iperf3 -c da adireshin, ka ƙara -t 30 don gwajin ya yi sakan 30. Sake yi da -R don bayanin ya juyo ta ɗaya ɓangaren, domin ba kullum zuwa da dawowa suke daidai ba. Idan netwok ɗin na gigabit 10 ne kuma lambar ta yi ƙasa, ƙara -P 4 don a aika ta layi huɗu a tare.

Idan ya ƙi haɗuwa, galibi katangar tsaron kwamfutar ce, wato firewall, ta toshe kafa mai lamba 5201, sai ka buɗe masa ita. Amsar za ta fito a megabit, kada ka manta da rabawa da 8. A kan kebul na gigabit, 930 zuwa 945 alama ce ta lafiya. In ka ga kusan 94, koma mataki na 3.

Wajen gwada Wi-Fi, sa kwamfuta ɗaya a kan kebul, ɗayar a kan Wi-Fi. Idan duka biyun suna kan Wi-Fi, bayanin sai ya ratsa iska sau biyu, daga ta farko zuwa rauta, daga rauta zuwa ta biyu, saurin ya kusa rabewa biyu. Gwada a kusa da rautar, sannan ka gwada a ainihin wurin da kake zama ka yi aiki. Na biyun shi ne naka.

Kada ka yi amfani da shafukan gwajin saurin intanet don wannan. Su hanyar da ke tsakaninka da kamfanin da ke ba ka intanet suke aunawa, ba hanyar da ke tsakanin kwamfutocinka biyu ba.

Idan babu suwic ko rauta, jona kwamfutocin biyu kai tsaye da kebul. Katunan gigabit suna gane juna ba tare da kebul na musamman ba. Ba wa ɗaya adireshi 192.168.10.1, ɗayar 192.168.10.2, duka da 255.255.255.0 a gurbin subnet mask.

6. Yi kwafe na gaske

Yanzu kana da lambobi uku a takarda: karatun faifan farko, saurin hanya, da rubutun faifan ƙarshe. Kafin ka danna komai, ja layi a ƙarƙashin mafi ƙanƙanta. Ita ce hasashenka, domin bayani ba zai wuce gudun wanda ya fi kowa nawa a cikin ukun ba. NVMe mai 3500 a kowane ɓangare, idan kebul na gigabit ne a tsakani, 113 za ka gani. Netwok na gigabit 10 da HDD a ƙarshensa, 180 za ka gani.

Kwafe babban fayil ɗin ka auna da agogo tun daga farko har ƙarshe. Kada ka yarda da lambar da ta fito a sakan goma na farko, saboda kwamfuta takan zuba bayanin a RAM tukuna ta nuna maka saurin da ba na faifai ba, daga baya ya faɗo. Idan za ka maimaita, sake kunna kwamfutar ko ka canza fayil, in ba haka ba daga RAM za ta karanto shi. A Linux rubuta sync bayan kwafewar, ka haɗa lokacinsa a lissafi. Yi sau uku ka ɗauki ta tsakiya.

Sannan kwafe foldar ƙananan fayilolin. A nan za ka sha mamaki. Kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta sunansa da kwanan watansa, an rufe shi, kuma a kan netwok kowane ɗayan waɗannan sai an aika tambaya an jira amsa. Hanyar da ta ba ka 113 da babban fayil tana iya komawa ƙasa da 10, kuma sayen kebul mai sauri ba zai yi maganin wannan ba. Maganinsa shi ne ka dunƙule foldar ta zama fayil guda da zip ko tar, ba sai ka matse ta ba, ka tura, ka kwance a can. A Windows kuma robocopy da /MT yana kwafe fayiloli da yawa a tare, yana rage jiran sosai. Manhajar kariya daga bairos ma tana bincikar kowane fayil da ya shigo, wannan kuma yana cin lokaci.

Idan sakamakon babban fayil ya yi ƙasa sosai da hasashenka, buɗe Task Manager yayin kwafewar ka ga wanne ne ya cika: faifai, netwok, ko furosesa. Ƙananan na'urorin ajiya na netwok, wato NAS, wani lokaci furosesarsu ce take gazawa, musamman idan an kunna ɓoye bayani. Ka lura a nan ma Task Manager yana nuna netwok a megabit, faifai kuma a megabait.

7. Mayar da sauri ya zama lokaci

Raba girman kayan da saurin da ka auna. Gigabait 100 megabait 100,000 ke nan. A kan USB 2.0 mai 35, kusan minti 48. A kan kebul na gigabit mai 113, kusan minti 15. A kan netwok na megabit 100, wajen awa 2 da minti 25. A kan SSD na waje ta USB 3.0 mai 400, minti 4 da 'yan sakanni. A kan gigabit 10, minti ɗaya da rabi, idan faifan kowane ɓangare zai iya bi.

Sai dai faifan waje kwafe biyu yake buƙata, ɗaya na ɗorawa, ɗaya na saukewa. Minti 4 ɗin SSD ya zama 8 da wani abu, har yanzu ya doke kebul na gigabit. Amma HDD na waje mai 120 zai ci kusan minti 14 sau biyu, wato 28, kebul ɗin ya fi shi kusan ninki biyu, kuma ba sai ka tashi daga kujera ba. Wannan lissafin ne mutane suka fi mantawa da shi.

Idan ɗaya kwamfutar tana nesa, sai ta intanet, to saurin aikawa za ka duba, ba na saukewa ba, kuma a yawancin layukan gida na aikawa ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Layi mai aika megabit 20 yana ba da megabait 2.5 a sakan, don haka gigabait 100 ɗin nan zai ci sama da awa 11, in layin bai yanke ba. Terabait 1 kuma sama da kwana huɗu da rabi. A irin wannan hali, ɗora kayan a SSD ka ba wa mai zuwa can, ka riƙe kwafi ɗaya a wurinka har ya kira ka ya ce sun buɗe.